Taswira a Hannun Yaya

Fom ɗin shiga gasar yana da tambayoyi uku a ƙasansa, kuma yayar mutumin da nake son aura ce ta amsa su duka, a teburin cin abincinta a Birmingham, da biron da take rubuta wa marasa lafiya magani. Sai da ta buga shi a takarda tukuna, don ba ta yarda da abin da ba za ta iya ja wa layi ba. Ni aikina a ranar shi ne in zauna a bakin kujera, in riƙe kofin shayi da hannu biyu.

Gasar ta kwana biyu ce, a cikin duwatsun arewacin Ingila, a ƙarshen kaka, lokacin da tumakin wajen ma ke neman inda za su raɓe. Mutum biyu-biyu ake shiga. Ku goyo tantinku da abincinku da rishonku. A bakin layin tashi a miƙa muku taswira mai ƙananan da'irori, kowace da'ira 'yar tuta ce da aka kafa a bakin wani rafi ko bayan wani dutse. Ku nemo su bi da bi, ku isa sansanin kwana kafin a rufe, washegari a ba ku sabuwar taswira. Waya ana ɗaure ta cikin leda a buga mata hatimi. Babu alamar hanya, domin hanyar ma babu ita.

Abin da ya zaunar da ni a teburin nan ba son wahala ba ne. A gidansu maganar Yaya ita ce ta ƙarshe. Mahaifinsu ya rasu, Hajiyarsu tana Kano, ta ce ita daga ɗakinta ba ta hango Ingila, don haka abin da babbar 'yarta ta gani shi ta gani. Wata huɗu ana jiran Yaya ta ɗaga waya ta ce a kai gaisuwa gidanmu. Ba ta ce a'a ba, ta dai ce tana dubawa. Kafin ni ta duba mutum biyu. Ta farko dariyarta ta cika ƙarfi. Ta biyu mai haɗa magunguna ce, ta gyara wa Yaya sunan wani magani a gaban baƙi, kuma ita ce da gaskiya, wanda shi ya ƙara ɓata lamarin. Na san labarinsu kamar yadda ake sanin inda mota ta taɓa kifewa a hanyar garinku.

Ni kuma adabi nake karantawa a Manchester, abin da Yaya ke kira karatun masu waƙa. Ɗakina a Old Trafford yake, mai sanyi kamar randa. Saboda sanyin nan ne na fara shiga cibiyar unguwarmu da yammacin Alhamis, inda wani dattijon Bature, tsohon mai raba wasiƙu, yake koyar da karatun taswira kyauta. Ɗumin hitar wurin na je nema. A shekarun nan hukumar garin rufe abubuwa take yi ɗaya bayan ɗaya, yau laburare, gobe wurin ninƙaya, har aka zo kan cibiyarmu. Ranar da aka liƙa takardar rufewa a ƙofa, dattijon ya karanta ta har ƙasa, ya ce to ajin ya koma kan dutse, can babu wanda zai kashe mana wuta. Shekara biyu ina bin sa duk Asabar, mu shiga jirgin ƙasa mu sauka inda gidaje suka ƙare.

A can na kamu da son layukan nan masu ruwan ƙasa da ke nuna tudu da kwari. Kamar zanen lalle nake ganinsu a tafin hannun ƙasa. Inda suka matsu da juna ƙasa ta riƙe numfashi ne, inda suka saki ta yi ajiyar zuciya. Dattijon ya ce in bar wannan zancen in ƙirga takuna. Na koyi duka biyun.

Ita Yaya babbar likita ce. Abin da ya kai ta ga gasar hoto ne. Wata nas a sashenta, mace mai jikoki, ta gama ƙaramin ajin gasar ta liƙa hotonta a allon ɗakin shan shayi, laka har gwiwa, baki har kunne. Shekaru ne da albashi ya tsaya cik, ma'aikata na ta guduwa, sashen ba shi da wani abin farin ciki sai hoton nan, kowa zancensa yake yi. Yaya kuwa tun daga aji ɗaya na firamare ba a taɓa zancen wani a ɗakin da take ba. Ta samu wata likita za su shiga tare, sai likitar ta tattara ta koma Ostareliya. Ƙaninta, wato manemina, da ya ga dama ta samu, ya ce ai ga wadda take yawon duwatsu ranar Asabar.

Aji biyar ne a fom ɗin, daga na ƙwararru zuwa na 'yan koyo. Masu gasar sun rubuta shawara a sama, cewa wanda bai taɓa yi ba ya ɗauki ƙaramin, kuma mutum ya zaɓi abin da zai iya gamawa ranar da komai ya lalace masa, ba ranar da yake jin ƙarfi ba. Yaya ta karanta ta ce wannan don kare kansu suka rubuta, ita ma tana rubuta irinsa kullum.

Ta soke na biyar. "Ajin nas," ta ce. Ta soke na huɗu, kada a ce ta yi kusa. Na ɗaya da na biyu sai wanda ya taɓa gama gasar, ta daɗe tana kallonsu kamar an hana ta gadonta.

"Na uku ke nan. Ban taɓa zuwa na uku ba a rayuwata, amma za mu yi haƙuri."

Sai tambayoyin. Ka saba amfani da kamfas, na'urar nuna gabas da yamma? Ta zaro na duba alƙibla daga jakarta ta ajiye a tebur, ta rubuta: kullum, sau biyar, shekara goma sha ɗaya. Ka taɓa kwana a tanti a wuri mai wahala? Ta yi Hajji sau biyu, ta kwana a Mina, a Muzdalifa ma ko tantin babu. Ta rubuta: tafiyar ƙasa a sahara, sau biyu. Hawan dutse fa? Ta lissafa Dala da Goron Dutse, ba tare da ta faɗi tsayinsu ba. Babu ƙarya ko ɗaya a takardar nan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ke fa, Malama mai waƙa? Za ki iya?"

Na san amsar sarai. Da abokiyar tafiya mai ƙarfi zan iya na huɗu. Da Yaya, wadda take hawa mota zuwa shagon bakin layinsu, na biyar ma sai da addu'a. Na kalli cikin kofina na ce, "Duk yadda kika gani, Yaya." Ta gyaɗa kai, na ga kamar an ƙara mini maki.

A jirgin komawa Manchester na kira ƙanin nata.

"Ki dai bi ta a hankali," ya ce. "Kwana biyu ne. Kada ki yi mata gardama."

"Ko za ta jefa mu rami?"

"Haba, wane irin rami? Yaya ce fa."

Ranar gasar, a filin tashi, na ga mutanen da suka yanke mariƙin burushin haƙorinsu don rage nauyi. A jakar Yaya akwai dambun nama cikin roba biyu, da filas na ƙarfe, da darduma mai kauri ta Madina, da kwalbar turare. Aka busa mana usur, aka miƙo taswira biyu, kowa ɗaya. Minti ɗaya tawa ta yi a hannuna. Yaya ta karɓe ta ta ninke ta cusa a ƙasan jakarta.

"Wannan ajiya ce, kada ki jiƙa ta. Biyo ni."

Na bi ta, taku biyu a baya kamar yadda aka rene ni, ina leƙen taswirar ta saman kafaɗarta.

Tuta biyun farko mun same su, domin jama'a na da yawa, kowa can ya nufa. Daga ta biyu Yaya ta hango wasu maza biyu dogaye, sirara kamar sandar rake, ta ce waɗannan da ganinsu sun san abin da suke yi. Sun sani kuwa. 'Yan ajin farko ne, tutocinsu daban, kwarinsu daban. Muka bi su rabin sa'a har suka zama ɗigo biyu, sannan hazo ya sauko ya shafe ɗigon. Ya shafe dutsen ma, ya bar mu da da'irar ciyawa jiƙaƙƙiya da ƙarar wani rafi a gefen dama. Yaya ta ɗora yatsa a kan wani shuɗin layi a taswira ta ce ga mu nan. Ba mu nan. Muna kwari ɗaya gabas da yatsanta.

Na fara da abin da na iya.

"Yaya, rafin nan da kyau yake. Ko shi ne na taswirar?"

"Shi ne."

Muka yi gaba. Laka tana kama takalmi tana saki da tsaki.

"Ikon Allah. A takarda kamar tudun yana hannun dama, a nan kuma ga shi a hagu."

"Takarda ce, ƙanwata. Ni da nake karanta hoton ƙashin mutum kullum, hoton tudu ne zai gagare ni?"

A gidanmu, in aka yi wa babba irin wannan magana sau biyu, ya gane, ya gyara, kowa ya yi kamar ba a ce komai ba. Haka muke rayuwa, kuma yana aiki a tsakar gida. A kan dutse na lura ba ya aiki. Na kuma lura ta fara jan ƙafar hagu.

"Sannu, Yaya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ke fa?"

"Ba gajiya."

Mu biyu muna haki kamar an biyo mu.

Wajen ƙarfe biyu ta ce mu yi sallah, mu haɗa azahar da la'asar. A nan kam dole in ba ta haƙƙinta. Cikin farin hazon da ni kaina sai na yi lissafi, ta ɗora kamfas ɗinta a tafin hannu, ta juya sau ɗaya, ta shimfiɗa darduma. Muka yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana suka yi ƙara. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, babu komai a duniya sai muryarta ƙasa-ƙasa da ƙarar ruwa. Da ranar ta tsaya a nan, da na rubuta mata waƙa.

Da muka sallame na ga dama ta uku. Rafin yana gangarawa daidai inda muka fuskanta.

"Yaya, kin ga rafin nan alƙibla ya nufa. Namu na taswira kuwa yamma yake tafiya, baya yake ba ta."

Ta kalli rafin, ta kalli taswira, ta naɗe dardumarta.

"Ruwa ma ya san inda ya kamata ya nufa. Tashi mu je."

Muka ci gaba da gangara. A minti ɗayan da taswira ta yi a hannuna na ga ƙarshen kwarin nan. Layukan suna matsuwa, suna matsuwa, har su haɗe su zama baƙin zane, wato ƙasa ta yanke, ruwa ya faɗa. Ƙarar rafin ta fara canjawa, ta yi zurfi. Saura abin da bai kai sa'a biyu ba duhu ya shigo. Sai ƙafar Yaya ta zame a kan wani jiƙaƙƙen dutse, ta zauna daɓas cikin laka, ta riƙe gwiwa, ta yi salati.

Na tsaya a kanta ina tunanin mai haɗa magunguna. Na tuna ƙanin, yadda yake jira na a tashar bas ta Oxford Road da lema ɗaya, ya bar kafaɗarsa a ruwa. Na nemi wata hanya ta huɗu mai laushi, na rasa. Duk karatun adabina bai ba ni jimla ɗaya da za ta juya mu ba tare da ta taɓa ta ba.

"Yaya, kin ɓata. Tun daga tuta ta biyu kika ɓata. Gaban nan rami ne. Ba ni taswirar."

Wata tunkiya ta yi kuka a cikin hazo.

"Da wa kike?"

"Da ke, Yaya."

"Maimaita."

Na maimaita. Da yake bakin ya riga ya buɗe, sai sauran ya biyo. Na ce wannan ba ajinmu ba ne, ba don kunya ba da tun a Birmingham na faɗa. Na ce kamfas ɗinta Makka kawai ya sani. Na ce ajin nas ɗin ma da ƙyar za mu sha. Ina kuka, ina kuma cewa ta yi haƙuri a tsakanin kowace jimla, amma ban janye ko ɗaya ba.

Ba ta dube ni ba. Ta miƙo taswirar gefe, kamar mai miƙa almakashi a ɗakin tiyata.

Na kwashe filas da darduma da dambun na zuba a jakata. Na saita kamfas ɗina, na shiga gaba. Ban taɓa tafiya a gaban babba ba, bayana har ƙaiƙayi yake yi. Na manta da tutoci. Muka hau kafaɗar tudun a karkace saboda gwiwarta, ina ƙirga taku da ƙarfi kamar yadda dattijon ya koya mini. A taku ɗari shida da wani abu katangar duwatsu ta fito daga hazo daidai inda taswira ta ce tana nan. Na dafa ta kamar na ga 'yar'uwa. Muka bi ta har ƙasa.

Mun isa sansani an riga an rufe. Matar da ke riƙe da rajista ta ce lambarmu tana cikin waɗanda ake shirin fita nema. Ta ce mun fita daga gasa, amma gobe muna iya bin mota, ko mu taka ƙaramin aji ba tare da an sa mu a lissafi ba. Tana cikin magana sai wata murya ta ce, "Dokta! Ke ce?" Nas ɗin ce, da kofin shayi a hannu, ta dawo yin ajinta karo na biyu. Ta durƙusa a laka ta naɗe wa Yaya gwiwa da bandeji, tana ta murna, tana cewa sai ta ba da labari a sashe. Fuskar Yaya a lokacin ba ni da kalmar da zan sa mata.

Na kafa tanti, na dafa taliya. Abin da ta ce da ni a yammacin nan kaf shi ne gishiri ya yi yawa.

Da asuba na tashi da auren a matsayin abin da ya wuce. Har na fara jera baitin farko na rashinsa a raina, yana kuma yin kyau. Ina naɗe tanti ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Je ki karɓo ta ƙaramin ajin."

Na karɓo na miƙa mata da hannu biyu.

"Riƙe mini. Na manta tabarau."

Tabaran suna rataye a wuyanta da igiya. Na kalle su, ta kalle ni. Na riƙe taswirar.

Mun samu tutocin ranar duka, a hankali, ita tana dogara sanda. Kowace tuta in na hango ta sai in rage tafiya, ta wuce gaba ta taɓa ta, ta ce, "Ai na ce miki a nan take." Mu ne na ƙarshe da suka shigo. Ana naɗe igiyoyin filin muka iso, nas ɗin ta tsaya ta tafa mana ita kaɗai.

A hanyar komawa ni na tuƙa motarta, saboda gwiwar. Muka tsaya shan mai. A nan ta yage ledar wayarta, ta kira Kano, ta buɗe murya yadda zan ji.

"Hajiya, a kai gaisuwar."

"Alhamdu lillahi! Yarinyar ta yi ke nan?"

"Tana da baki, wannan kam sai an yi haƙuri. Amma hazo ya rufe mu a kan dutse, Hajiya, ko tafin hannunka ba ka gani. Na fito da mu da kamfas. Ta biyo ni tiryan-tiryan, ba ta yi gardama ba." Ta juyo ta zuba mini ido. "Ga ta nan ma."

Na gane sharaɗin. Na matso kusa da wayar na gaishe da Hajiya, na tambayi mutanen gida.

"Haka aka yi, 'yata?"

"Haka aka yi, Hajiya."

Haka aka ɗaura auren. Labarin hazon ya zama na gidan, ana ba da shi duk Sallah a falon Birmingham. Kowace shekara hazon yana ƙara kauri, ramin yana ƙara zurfi, bara har an samu ƙanƙara. Ni ina zagayawa da faranti ina cewa wallahi kuwa. Maigidana ya yarda da shi ɗari bisa ɗari, yakan ce in gode wa Allah da Yaya aka haɗa ni. Nas ɗin ta yi ritaya a shekarar da aka haɗe sashensu da wani, hoton ma an cire shi tare da allon.

Duk kaka fom yana zuwa. Yaya ta buga shi a takarda, ta daɗe tana kallon aji na uku, ta yi ajiyar zuciya, ta ja layi ƙarƙashin na biyar. "Saboda ke," take cewa, "kada in wahalar da ke." A bakin layi kuma ta shafa aljihunta, ta ce ta manta tabarau.

Na rubuta wannan hankali kwance. Yaya ba ta karanta abin masu waƙa.